Ɗan Ƙwadago a Gonar Kaina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranin da na ɓata sunana da bakina, har aka ba ni ladan sule biyar a kai. A tsakiyar shekarun 1980 ne. Ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu kusa da Kura, in an tashi kuma in zarce gona, don lokacin ruwan madatsar Tiga ya iso mana, kowa ya zama manomin rani. Ina da 'yar gonar tumatir da mahaifina, Malam Idi, ya yankar mini. Ina kuma neman wata yarinya a wajen Bunkure, sunanta Saude. Magana ta riga ta je gaban manya, jira kawai muke iyayenta su ce mu turo, kuma Allah ya sani ina sonta son da ban taɓa yi wa kowa ba.

Wata Asabar da tsakar rana na goya tankin feshi na shiga cikin tumatir, ba ƙyalle a hanci, ba komai a ciki. (An sha gaya mana mu riƙa rufe hanci, amma ni malamin makaranta ne, ni ke gaya wa mutane abu, ba a gaya mini.) Abin da zan iya tunawa shi ne kunyoyin gonar sun fara juyawa. Sai farkawa na yi a kan gadon wani ɗan asibitin kuɗi a Kura, an maƙala mini ƙarin ruwa, abokina Garba, wanda gonarsa ke jikin tawa, yana yi mini fifita da hularsa. Shi ya tare akori-kurar masu ɗaukar tumatir aka kawo ni.

Mai asibitin wani dattijo ne marar hayaniya da kowa ke kira Likita. Bai tambayi ko kwabo ba kafin ya taɓa ni. Sai da za a sallame ni washegari ya miƙo mini takarda: allurai, kuɗin gado, ruwa kwalba biyu, duka naira arba'in da biyu. Nan fa ƙaramin sani ya motsa.

Na ce, "Likita, kwalba biyu kuma? Ni ɗaya na gani."

Ya ce, "Ɗaya ka gani, Malam, amma biyu jikinka ya sha."

Na kafe a kan ba zan biya kuɗin abin da idona bai gani ba, har da kawo masa misali da lissafin aji huɗu. Gaskiyar maganar kuwa, albashi ya yi wata biyu bai zo ba, ɗan abin da na tara kuma na lefen Saude ne, na gwammace a yanke mini yatsa da in taɓa shi. Likita ya yi murmushi ya ce in je gida in huta, ma yi magana.

Ba mu yi maganar ba. Na daina bin titin da ya wuce ƙofar asibitin. In zan shiga kasuwa sai in zagaya ta bayan masu sayar da taki. Bayan kamar sati shida wani direba ya kawo mini 'yar wasiƙa daga asibitin, ana tunatar da ni cikin ladabi, a ƙasa kuma an rubuta cewa in wata ya ƙare ban zo ba za a turo mutum. Tun daga ranar duk baƙon da na hango da biro a aljihu sai in sauya hanya. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Ranar da abin ya faru ranar ban ruwanmu ce. Ina cikin taɓo har gwiwa, da wata tsohuwar riga mai hannu ɗaya, ina fama da bututun da muke janyo ruwa da shi daga magudana. Sai ga wani mutum a kan keke, farin kaftani tas, ya maƙale ƙafar wando da maƙali, ga biro ga ɗan littafi sun leƙo daga aljihun gaba. Ya jingine keken, ya yi sallama, muka gaisa.

Ya ce, "Samari, nan ce gonar malamin nan, ɗan wajen Malam Idi?"

Zuciyata ta ce shi ke nan, ga ɗan aiken Likita. Bakina kuwa, ba tare da ya yi shawara da ni ba, ya ce, "Nan ce, Baba, amma ba ya nan. Ni ƙwadago nake yi masa."

Maimakon ya juya, sai mutumin ya ce madalla, gara ma da ya same ni, ai mai yi wa mutum aiki shi ya san halinsa. Ya tattare kaftani ya tsuguna a bakin kunya. Ya tambaye ni ko maigidan nawa yana da abin hannu. Ni kuma dabarata ita ce in nuna masa babu abin da za a tatsa a jikin malamin nan, ya koma ya gaya wa Likita a haƙura.

Na ce, "Abin hannu? Baba, sai dai alli. Gonar nan ma da kake gani a jingine take. Keken da yake taƙama da shi na yayansa ne."

"To, biyan hakki fa? Kai yana biyanka?"

"Ni? Yau sati uku ke nan ina jin gobe. Mutumin da bashi ya yi wa katutu, Baba. Kowa binsa yake, har mai ƙosai."

Ya girgiza kai ya rubuta wani abu. Sannan ya tambayi lafiyarsa. Na ce ai haka kawai yake yanke jiki ya faɗi a gona sai an kwashe shi a mota (a raina ina cewa, ku da kuka kwantar da ni ai kun fi kowa sani). Ya kuma tambaya ko yana salla, da irin abokan da yake yawo da su, da yadda yake da mahaifiyarsa. Kai mai karatu na san tun a nan ka gano inda aka dosa. Ni kuwa, da takardar shaidar malanta a akwati, cewa na yi a raina, kai, asibitin nan akwai bin diddigi. Allah ya taimake ni dai ban yi wa sallata sharri ba, na ce wannan kam yana yi.

Da ya tashi tafiya ya dube ni da tausayi, ya zaro takardar sule biyar ya miƙo mini, ya ce in sayi goro, Allah ya fitar mini da hakkina. Na sa hannu biyu na karɓa, har da durƙusawa. Da yamma ma na ba Garba labari muna dariya, ina yabon kaina da iya dabara.

Ranar Laraba na caɓa ado na tafi zance. Saude ta daɗe ba ta fito ba, da ta fito kuma ba ta shimfiɗa tabarma ba. Idonta ya yi ja. Ta ce Baffa Sani, ƙanin mahaifinta da ke zaune a Dawakin Kudu, wanda shi ne waliyyinta, ya je bincike a kaina kamar yadda aka saba kafin a ba da 'ya, kuma ya dawo ya ce a bar maganar. Wai an tabbatar masa ni matsiyaci ne, mai cin hakkin mutane, ga ciwon faɗuwa.

Wallahi ko a lokacin ban gane ba. Raina ya ɓaci, na dawo gida ina lissafa maƙiya. Na zargi wani malami da muka taɓa yin sa-in-sa a kan jadawalin darasi, na zargi wani ɗan uwan Saude da na ji an ce yana ciki. Na gaya wa mahaifina cewa duk wanda ya yi mini wannan ƙazafin ban yafe ba. Shi kuwa ya ce ba a gyara magana daga nesa, in shirya ranar Juma'a mu je a warware ta gaban kowa.

Bayan an sauko daga masallaci muka isa gidan su Saude, ni da babbar riga da hula zanna. A jikin bangon zauren na ga keke a jingine. Na tsaya ina kallonsa, na gane shi sarai. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata. Mahaifina ya waiwayo ya ce, "Shigo mana."

Ga mahaifin Saude, ga dattawa biyu, ga mai farin kaftani a gefe yana jan carbi. Na durƙusa na kai gaisuwa, kaina a ƙasa, ina ta jan hula gaba ko za ta rufe fuska. Mahaifina ya fara bayani cewa gona tasa ce ya ba ni, ba jingina, keke ni na saya da kuɗina, kuma yana so a faɗi wanda ya yi wa ɗansa wannan sharri. Mai farin kaftanin nan, Baffa Sani, ya juyo gare ni. Ya daɗe yana kallona, sannan a hankali ya ce:

"Samari, maigidan naka ya biya ka kuwa?"

Mahaifina ya dube ni, ya dubi Baffa. Babu mafita, na buɗe baki na faɗi komai, tun daga feshi har kwalba biyu har sule biyar. Ɗaya daga cikin dattawan ya sa bakin rawani ya toshe baki, kafaɗunsa suna rawa. Mahaifina kuwa bai yi dariya ba, kuma kallon da ya yi mini ya fi mini duka ciwo.

Baffa Sani ya ce, "Malam Idi, talauci ba abin kunya ba ne, bashi kuma hanji ne, yana cikin kowa. Amma ni mutum biyu na gani: ɗan ƙwadago mai ƙarya, da malami mai gudun wanda ya ceci ransa. A cikinsu babu wanda zan ba 'yata. In akwai na uku, ya zo mini da rasit ɗin asibiti a hannu."

Kwandunan farko da na tsinka a satin, ko gida ban kai kuɗinsu ba, na ja Garba muka nufi wajen Likita. A hanya ne Garba ya ce mini ai kwalbar farko ta ƙare tun ina sume, shi ma ya riƙe ta da hannunsa don ƙusar bangon ta cire. Na ce me ya hana ka faɗa tuntuni? Ya ce, "Ka tambaye ni? Kai da kake ta lissafi."

Likita ya karɓi kuɗinsa ya rubuta rasit. Na ba shi haƙuri, na kuma tambaye shi ko yaushe ya yi niyyar turo mutumin. Ya yi dariya ya ce, "Wa gare ni da zan tura, Malam? Haka nake rubuta wa kowa. Rabin ƙauyukan nan ina binsu, kuma na san ba a biyan asibiti sai tumatir ya nuna. Da ka zo ka ce babu, ai da mun jira tare." Wannan maganar ta fi ta Baffa kunyata ni.

Na kai rasit Dawakin Kudu da kaina, na haɗa da sule biyar ɗinsa. Ya karɓi rasit ya karanta har sau biyu, kuɗin kuma ya turo mini abina, ya ce in riƙe, ai na yi masa aiki. Bayan sallar layya aka ɗaura aure. Har Allah ya yi masa rasuwa bai taɓa kirana da sunana ba, sai Ɗan Ƙwadago, kuma Saude ta gaji sunan, tana fito da shi duk ranar da na fara gardama da mai kawo takardar kuɗin wuta.

Abin da na koya shi ne, in ana binka, ka je da ƙafarka ka ce babu, ya fi arha. Yanzu da girma ya zo, ni ake turawa binciken masu neman 'ya'yan 'yan uwa. Kuma duk gonar da na je na tarar da ɗan ƙwadago ya cika zagin maigidansa, ba na rubuta komai. Sai in ƙare masa kallo da kyau, in dawo ranar Juma'a in ga wa ya sa babbar riga.