Ledojin Dabinon Yusuf

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da Allah ya haɗa ni da Turawa uku ba, sababbin musulunta, ina yi musu ƙarin karatun Alƙur'ani bayan la'asar a masallacin unguwarmu ta Aziziyya, a Madina. Hamza Bajamushe ne, Bilal Bafaranshe, sai Yusuf mutumin Ingila.

To ni, in ina ƙaunar mutum, hannunsa nake riƙewa mu yi tafiya muna hira. Haka na ga iyayena suna yi. Ranar farko na kama hannun Hamza, ya zare shi nan take, ya ce, "Ya Shaikh, a ƙasarmu ba ma haka." Bilal kuwa dariya ya yi har da riƙe ciki. Amma Yusuf, bawan Allah, sai ya bar mini hannun, yana murmushi, yana ta godiya har ƙofar gida. (Na ji tafinsa yana zufa, na ce zafin Madina ne.)

Shi ke nan, na zama malamin Turai, ni da ban taɓa wuce Jidda ba. Duk majalisar da na zauna sai na yanke hukunci: Bajamushe ba ya son baƙo, Bafaranshe raina shi yake yi, Baturen Ingila ne kaɗai zuciyarsa a buɗe. Surukina Alhaji Sani, direban bas ɗin miƙatin Bi'ir Ali da ya sha ɗaukar Turawa, ya ce, "Malam, bi a hankali." Na ce hassada ce.

Sai Yusuf ya fara zuwa karatu da leda biyu na dabino, hannun dama da na hagu. Kullum! Ni kuma don tausayi sai in karɓi ɗaya, in kama hannun da ya samu sarari.

Ranar walimar sunan jikana a unguwar Jurf na gayyace su su ukun, don in rufe bakin Alhaji Sani a gaban jama'a. Na miƙe, na ɗaga hannun Yusuf sama, na ce, "Ga mutanen da suka san darajar baƙo! Yusuf, faɗa musu da bakinka."

Ya yi ja wur, ya ce, "Shaikh mutumin kirki ne ƙwarai."

Hamza ya ajiye kofin shayinsa. "Ya Shaikh, wallahi ɗakinmu ya cika da dabino, ba wurin shimfiɗa darduma. Don kar ka sami hannunsa yake saye. Ya kasa gaya maka ne, shi ke nan."

Alhaji Sani don dariya sai da aka yi masa fifita. Ni kuwa ina tsaye, hannun yaron mutane har yanzu a nawa. Na sake shi a hankali. Kun san me ya ce? Haƙuri ya ba ni!

Tun daga ranar, in Bature ya ce mini a'a, godiya nake yi masa. In ya yi murmushi ya ce babu komai, sai in tambayi abokin ɗakinsa.