Rasuwar Littafin Dodannin Mista Delbert

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gida mai ƙaurin ƙonanniyar takarda, Mista Delbert Hostetler na garin Marietta yana sanar da rasuwar abin ƙaunarsa, littafin labarin dodanni mai zane-zane, mai suna "Ihun Makabarta", fitowa ta bakwai. Ya bar duniya ranar Talata da hantsi, yana da shekara arba'in da ɗaya.

Marigayin ya sha gwagwarmaya. Tun yana sabo fasto ya tara irinsa a harabar coci aka cinna musu wuta, wai suna lalata yara, shi kuwa ya tsira a cikin rigar Delbert. Ya tsallake tsintsiyar mahaifiyar Delbert, ya tsallake ambaliyar da ta cinye ɗakin ƙasa. A zamanin da ake buɗe shi ba ya raina kowa. Ka juya shafi ya ce maka ƙaras, ka juya wani kerkeci ya ce "AWUUUU!" da jan rubutu.

Daga baya Delbert ya shiga ƙungiyar masu tara tsofaffin littattafai, aka koya masa cewa littafin kirki ba a karanta shi. Sai ya rufe bawan Allah a leda. Maxine, matar Delbert, ba ta goge kantar da littafin yake kai sai da izini. 'Yarsa Rhonda tana da shekara tara ta miƙa hannu sau ɗaya, ya make hannun, ya ce, "Ke! Kin san abin da maiƙon yatsa ke yi wa takarda?" Ba ta sake tambaya ba. Yau shekara shida ke nan ba ta taka gidan ba, gaisuwa sai ta waya, ita ma da uwarta.

Ciwon ajali ya faro ne a taron ƙungiya, inda Vernon, abokin hamayyar Delbert, ya ɗaga marigayin a haske ya ce, "Ashsha, Del, bangon nan ai ya ɗan lanƙwashe." Kwana uku Delbert bai ci abincin kirki ba. Ranar Talata ya saka farar safar hannu, ya jona dutsen gugar Maxine, ya ɗora a kan littafin, wai zai miƙar da lanƙwasar. Waya ta yi ƙara, ya tafi ɗauka. Kaico! Littafin da ya gagari fasto da ruwa, mai tsaronsa ne ya gasa shi, da safar hannu kuma. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce ƙauuu.

Ya rasu ya bar dodannin da aka zana a cikinsa: mai shan jini ba kai, sai alkyabba. Ya bar naɗaɗɗiyar gawar Misira da rabin tsummanta, da ƙaton da aka ɗinka da sassan matattu, wanda dama ya saba da irin wannan. Dodon fadama ne kaɗai ya fita lafiya. Shafuka huɗu na ƙarshe sun tafi gaba ɗaya. Delbert ya so ya ɗora wa dutsen guga laifi, Maxine ta ce shekara ashirin tana guga da shi bai taɓa ƙona ko hankici ba.

Za a shimfiɗa gawar a teburin kicin ranar Asabar da ƙarfe biyu, ba leda. Akwai kofi da kek ɗin tuffa. Kowa na iya taɓa marigayin da hannunsa, ko ya ci kaza bai wanke ba. An roƙi Vernon ya yi zamansa a gida.

Rhonda ta bugo ta ce za ta tuƙo mota daga garin Toledo, za ta zauna ta karanta shi daga bango zuwa bango. Da ta ji ƙarshen ya ƙone, sai ta ce wa uwarta, "To ki gaya wa Baba ya shirya, shi zai ba ni sauran da bakinsa." Tun jiya Delbert ke zaune a baranda yana ta ƙoƙarin tuno yadda labarin ya ƙare. Rabonsa da buɗe littafin shekara talatin, kuma har yanzu bai tuno ba.