Rasuwar Gorda, Uwar Dandalin Baro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma a ƙarƙashin baƙin cikin wanda yake hana ni cin abinci, ni Rufino Ledesma, mai facin taya a titin tasha ta Villa Tosca, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk wani mai goyon bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ladrillero rasuwar kwamfutar nan da muke kira Gorda saboda ƙibarta, wadda dandalinmu na intanet, Baro, yake zaune a cikinta tun ranar da aka kafa shi. Rai ya yi halinsa da safiyar Asabar ɗin da ta wuce, a ɗakin bayan shagona, tsakanin injin iska da tsofaffin tayoyi, bayan doguwar jinya wadda dukanmu muka sani, dukanmu kuma muka hana a yi mata magani. Ta tafi da dandalin gaba ɗaya. Mai gyara ya buɗe ta, ya shinshina, ya ce ko harafi ɗaya ba za a ciro ba.

Ban yi karatu mai zurfi ba. Wanda ya ga kuskure a wannan takarda ya haɗiye shi. Mai ja mini jan layi a ƙarƙashin kuskure ita ce ta mutu.

Marigayiya ba 'yar gata ba ce. Hannu na biyu na saye ta, daga wani shagon intanet da ya rufe, da tabon taba a gefenta. Surukina ne ya haɗa ta, ya nuna mini maɓallai huɗu: na gogewa, na kullewa, na katin gargaɗi, da na jan kati. Ya ce sauran ba ruwana da su. Da waɗannan huɗun na riƙe dubban mutane sama da shekara goma sha biyar, ni da Griselda Montiel ta kantin magani, wadda take lura da dandalin in ina ƙarƙashin mota, wadda kuma hannunta ya fi nawa saurin kai wa jan kati.

Ta kasance mai haƙuri. Kafin kowane wasa sai ta buɗe Zauren Wasa, mu shiga mu koya wa koci aikinsa. Tana da Zauren Ciniki, inda duk ƙarshen kaka sai wani ya rantse cewa ɗan baffansa mai tasi ya ɗauko mana ɗan gaba daga filin jirgi, ɗan gaban da har yau bai iso ba. Tana da Juji, inda muke kwashe zagin da ya yi wari mu zuba, mai so ya bi shi can. Kalma biyu kaɗai ba ta yarda a rubuta a cikinta, ko ka buga sai su fito taurari: sunan ƙungiyar abokan hamayyarmu, maƙwabtanmu na tsallaken gada, da kalmar faɗuwa daga rukuninmu zuwa na ƙasa. Ga shi na rubuta ta biyun yau, babu wanda ya hana ni. Daga nan ma kun san an yi rashi.

Muryarta biyu ce. Akwai ta fanka, wadda duk wanda ya taɓa kawo mini taya ya sani: gurrr, gurrr, sannan tak, kamar tsoho yana gyaran murya. Akwai kuma muryar da take yi da bakinku, wadda har yanzu nake ji in na rufe shago.

“Koci, don girman Allah, 'yan baya uku? Kakata da sandarta ma sai ta ratsa su.”

“Dalla rufe mana baki, kai da ko ƙwallon robar ɗanka ba ka iya tarewa.”

“Don Rufino, zo ka gani, wannan ya zagi uwata.”

“Ni lamba tara na zaga, ɗan uwa. Ban san kun haɗa dangi ba.”

Doka ɗaya ce da ita wadda ba a roƙo a kanta. Ka zagi ƙafar ɗan wasa, ka zagi ƙwaƙwalwarsa, ka zagi wanda ya sayo shi. Amma gidansa, da matarsa, da makarantar 'ya'yansa, da lambar motarsa, babu. Wanda ya rubuta, a goge a ba shi jan kati, kuma katin ba ya sauka da waya. Sai mutum ya tako da ƙafarsa ya zo shago, ya zauna a kan taya, mu sha mate, shayin ganyen nan namu mai ɗaci, da tsinken zuƙa ɗaya, sannan ya maimaita mini da bakinsa abin da ya rubuta da yatsa. Yawancinsu ba sa iyawa. Sai ka ga ƙato mai gemu yana kallon takalminsa. Wanda ya fi kowa zama a kan tayar nan shi ne Osmar Paniagua, wanda ake kira Bahago, shugaban 'yan ganga na bayan raga. Ba don yana tsorona yake zuwa ba. Mutanen da yake tafe da su sun fi ƙarfin mai faci. Yana zuwa ne don in ba ya cikin Baro, babu mai sauraronsa daga Litinin zuwa Juma'a.

Game da ciwon ajalinta, zan faɗi gaskiya ko da za ta yi wa wasu zafi. Mu muka kashe ta, da ƙuri'a.

A shekarar da muka hau wannan rukuni, ranar wasan ƙarshe na fita da gaggawa na bar ta a kunne, da ƙoƙon mate a kanta. Muka ci. Shi ke nan ta zama cábala, wato abin da ke kawo mana sa'a, kuma kun san cábala ba a taɓa ta. Ba a kashe Gorda, ba a gusa ta, ba a kakkaɓe ta, ba a ɗauke ƙoƙon. In an ɗauke wuta da zafi, batirin babbar mota na haɗa mata, firijin gidana ya narke. Ni ban yarda da camfi ba, kowa ya sani. Rigar da nake zuwa filin wasa da ita, da matakalar da nake tsayawa a kanta tun ina bin mahaifina, wannan daban ne, sabo ne. Sau ɗaya Griselda ta goge allon da tsumma, a ƙarshen makon nan ɗan gabanmu ya karye a gwiwa, sai da ta yi wata guda ba ta bi ta gaban kulob ba.

Duk shekara mai gyara sai ya ce ƙura ta toshe ta, a bar shi ya kashe ta na rabin yini ya hure ta, ya kwafe abin da ke cikinta. Duk shekara sai in sa a kaɗa ƙuri'a a dandali, tunda tana da wurin ƙuri'a. Duk shekara sai a ce a'a. Bana na roƙa, na ce ina jin ƙauri. Aka ce, “Don Rufino, muna gindin tebur, yanzu za ka kashe ta? Ka bari a gama kaka.” Ba ta kai ƙarshen kakar ba. Ranar Asabar fankar ta yi tak, ta ƙara yin tak, ba ta koma gurrr ba.

Da yammar ranar muka buga a waje, karo na farko babu Zauren Wasa. Ana cikin canjaras, ɗan baya ya mayar wa golanmu Nahuel Barreto ƙwallo a hankali, ƙwallon da jariri zai tare, ta bi ta ƙarƙashin takalminsa ta kwanta a raga. Aka tashi ɗaya da nema. Saura wasa ɗaya, ranar Lahadi, a gida. Canjaras ba zai cece mu ba.

Marigayiya ta bar 'ya'ya da jikoki masu yawa: masu rubutu kullum, da masu karatu su yi shiru, da 'yan tsallaken gada da suke shigowa da sunan ƙarya, waɗanda mun san su tun tuni muka ƙyale su don suna ba mu dariya. Ta bar Griselda. Ta bar batirin mota da ƙoƙon mate. Ta bar ni.

Marayun nan kuma ba su yi zaman makoki ba. Sun watse cikin rukunonin waya, inda babu Juji, babu kati, babu tayar da za a zaunar da mutum. Da Gorda tana raye, da an kira Nahuel rariya, an kira shi kwando, an nemi a sayar da shi da kuɗin burodi, zuwa Laraba kowa ya huce. Yanzu tun ranar Lahadi aka fara cewa sayar da wasan ya yi. Ranar Litinin hoton ƙofar gidan mahaifiyarsa, Doña Herminia mai soya empanada, samosar nan tamu, ya shiga waya. Ni kaɗai sau biyar aka turo mini, yatsana yana neman maɓallin gogewa a jikin wayar kamar wawa. Ranar Talata aka wayi gari an rubuta mata da fenti a bango: “Lahadi, ko ya tare ko mu zo.” Shi yaron yana can sansani tare da 'yan wasa, da 'yan sanda a ƙofa. A gidan nan babu kowa sai tsohuwa da jikarta, 'yarsa, wadda ko makaranta ba ta shiga ba.

Ban ce yaron ya iya gola ba. Ni kaina na rubuta a Zauren Wasa cewa ƙafarsa ta hagu ado ce. Amma a gabana ya tashi, a shagona yake busa ƙwallonsa kyauta, kuma wanda ya sayar da wasa ba ya barin uwarsa a gidan da rufinsa ke yoyo.

Bahago ya zo mini ta'aziyya jiya. Ya cire hula, ya dafa gawar, ya yi alamar giciye.

“Ya haƙuri, Don Rufino?”

“Da godiya. Wa ya yi fentin?”

“Dattijo, yara ne. Da can su zage a Baro su kwanta. Yanzu ina za su zuba shi?”

“Kai ne babbansu. Ka riƙe su.”

Ya mayar da hularsa, ya tsaya yana kallon titi. “In mun faɗi,” ya ce, “wa ya gaya maka ni zan so a riƙe ni?”

Bai sha mate ɗin da na miƙa masa ba.

Saboda haka ga tsarin jana'iza, kuma wannan karon ba za a kaɗa ƙuri'a ba.

Za a yi ta ranar Lahadi. Kafinta ya haɗa mata akwati da tsohon katakon bencin filin wasa. Za a ɗauko ta daga shagona da zarar an tafi hutun rabin lokaci, a tafi da ita a ƙafa, a ajiye ta a gicciye a bakin ƙofar Doña Herminia. Ba zan rubuta inda gidan yake ba. Ban taɓa barin a rubuta gidan kowa ba, kuma ba a takardar mutuwarta zan fara ba. Kowa yana da shi a aljihunsa, abin kunya.

Za a hura gawayi a tsakiyar layin, a tare shi da teburan gashi daga bango zuwa bango. Nama daga wurina, burodi daga Griselda, Doña Herminia ta ce empanada nata ne, na ce ta zauna a ciki ta ƙi. Fada ya ce shi ba ya yi wa kwamfuta addu'a, amma zai zo cin nama, kuma da rigarsa ta coci zai zo. Sauran wasan a rediyo za mu ji shi.

Na san abin da nake nema. Wanda zai zo, sai ya bar matakalarsa ana tsakiyar wasan da ya fi kowane wasa. Ni ba zan ma shiga filin ba, karo na farko tun ranar da muka binne mahaifina. In mun faɗi, za a ce Rufino ne ya bar wurinsa ya karya mu. To, a faɗa. A bar golan, a ce ni ne. Ba sai an tura hoton ƙofata ba, a layin za a same ni.

Duk wanda ya taɓa zama a kan tayar shagona, ina kiransa da ya zo ya yi wa wadda ta rufa masa asiri rakiya, don abin da ta goge muku da yawa matanku ba su gani ba. Osmar Paniagua, kai na ba ɗaukar gaban akwati, don babu wanda ta yi haƙuri da shi kamarka. Akwatin da nauyi, na ƙara bulo a ciki, sai da hannu biyu. In ba ka zo ba, ba zan ba kowa wurinka ba, gaban zai ja ƙasa, unguwa kuma ta gani.

In mun tsira, mu koma da ita bayan shago mu binne ta, mu yi kuka, mu ci nama. In ba mu tsira ba, gawa ba za ta motsa daga bakin ƙofar nan ba, mu ma haka, har sai filin wasa ya watse kowa ya koma gidansa. Mai son shiga gidan sai ya tsallake ta, sannan ya tsallake ni.

Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙurin rashinta. A zo da kujera. Kada a zo da yara.

Rufino Ledesma, a madadin iyalan marigayiya.