Salatin Ajidan

Shekarar fari, zamanin soja, na rantse wa matata ba za ta ƙara sayen yaƙwanannen salatin kasuwa ba. Ni ɗan Maraɗi, jikan manoma, da kaina zan je garkar unguwar Gamkalley, bakin kogi.

A can fangali guda ake saye, kai za ka tuge abinka. Tsoho mai garka yana jan ruwa, ya nuna mini nawa da leɓe. Ban tsaya tambaya ba, na faɗa wa wanda ya fi kore, don a ganina shi ya dace da ma'aikacin gwamnati.

Na tuge rabi ke nan tsoho ya saki guga. "Subhanallahi! Na Ajidan ne, jibi sunan ɗansa!"

Ga Ajidan kuwa, soja mai muƙami, tsaye bayana, cikin kaki. Na fara tunanin wa zai riƙa kai mini tuwo gidan kaso.

Ya dubi salati, ya dube ni. "Malam, ka iya tugewa. Ka iya ban ruwa?"

Sati biyu ina jigilar ruwa daga kogi zuwa fangalin Ajidan kafin in tafi biro wurin aiki, ina hamdala.

Har yau in na shigo da salati, sai matata ta ce, "Malam, mai shi ya sani?"