Yadda Za Ka Ceci Duniya Ba Tare Da Ka Taɓa Odar Ledar Kawu Ba

Kai ɗalibin da ya zo Guangzhou nazarin adabin Amurka, kake kuma yi wa 'yan kasuwa tafinta don rufin asiri, matso kusa. Bi matakan nan biyar, na ba ka tabbacin za ka fita da digiri a kan kishin muhalli, kwantenar leda ta tashi lafiya, zuciyarka ko ɗar. Kwatar ƙofar gidanku a Kurna ta toshe, katangar ɗakin Inna tana shan ruwa damina biyu ke nan? Ba komai. Akwai littafi a kan haka.

1. Zaɓi kogi mai nisa

Marubutan Amurka na yanzu sun iya makokin daji da kifi da ƙanƙarar da ke narkewa. Karanta su, ka ja layi, ka matso ƙwalla. Amma kogin da za ka yi wa kuka ya zama wanda ba ka taɓa gani ba. Kwata wari gare ta, kuma shebur take nema. Kogin littafi biro kawai yake so.

2. Haddace maganin kunya

Akwai mazhabar masana da ke cewa ma'ana ba ta da mazauni, kowace magana wata maganar take nunawa, har "daji" da "shara" ma sunaye ne da mutum ya ƙaga. Su don a tuhumi masu iko suka faɗi haka. Wannan ɓangaren ba naka ba ne, ɗauki rabin da zai wanke ka. Mai ilimi ba ya gudun gaskiya. Tsare ta yake yi da tambayoyi har ta gaji ta tafi.

3. Yi tafinta da hikima

Ranar da ka raka Kawu Munkaila masana'antar leda, mai kamfanin, wato laoban, zai ɗago wata leda ya ce da Sinanci wannan tana ruɓewa a ƙasa, sai dai ta ɗan fi tsada.

"Me laoban ke cewa?" in ji Kawu.

"Gaisuwa yake ƙarawa, Kawu."

"Gaisuwa da leda a hannu? Ce masa baƙar nan shara-shara, irin ta bara. Kada ka kawo min boko, ɗan nan, yaran Maraɗi ma sun iya Sinanci."

Ka gani? Da ka fassara, da an canja tafinta. Ai babi na uku na kundin digirinka ya riga ya nuna babu fassarar da ke cika.

4. Yi wa'azi bayan Juma'a

Tsaya a ƙofar Masallacin Huaisheng ka shaida wa jama'a cewa itace da tsuntsu ma suna da hakki a kanmu. Za a ce, "Allah ya ƙara basira, Malam." Amsa a gurguje, domin ƙarfe uku ake lodi a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, kuma kai ne mai tsayawa a kan kaya.

5. Idan Inna ta kira

Ta bidiyo za ta kira, ruwa iya gwiwa a tsakar gida. Za ta ɗago abin da ta zaƙulo daga kwata da sanda.

"Ka ga katangar ta tsage har sama. Duba nan, har da rubutun mutanenku a gindin ledar. Kai da ka yi karatu, me suka ce?"

Ka san rubutun sarai. Sunan masana'antar ne, kuma kai ka samo wa Kawu ita. Kada ka rikice. Ce mata rubutu ba shi da ma'ana guda, ya danganta da mai karatu. Idan ta ce, "To gaya wa mai karatun ina tsaye cikin ruwa," sai ka ce sabis ya ɗauke.

Hattara

Ni matakai na bayar, ban ce za su riƙe katanga ba. Idan ta faɗi, ko da Inna a ciki, kada a neme ni, kada a nemi marubutan Amurka, su ba su taɓa jin sunan Kurna ba. Taimakon da zan iya yi maka ɗaya ne. A shafin sadaukarwa na kundinka, bar ɗan fili kafin sunanta. "Marigayiya" za ta shiga, ba sai an sake buga kundin duka ba.