Gyaɗa Kai a Ajin Further Maths

Ba zan taɓa mantawa da ranar da gyaɗa kai ya kai ni gaban allo ba.

Da muka shiga SS1, aka ce 'yan ajin kimiyya kowa ya zaɓi ɗaya, ko darasin noma ko Further Maths, lissafin nan da ya fi na kowa da kowa zurfi. Na leƙa gonar makaranta, na ga 'yan SS2 sun duƙa da fartanya cikin ranar Gombe, nan take na ji ina son lissafi. (Dalilina ke nan gaba ɗaya, babu na biyu.) Da na gaya wa Baba bai tambayi dalili ba, murna kawai ya yi. Kafin a ce me, duk layinmu a Federal Low-Cost Injiniya ake kirana, har da mai shagon bakin titi.

Mu kaɗan ne a ajin, ba wurin ɓuya. Malaminmu, Malam Yila, in ya rubuta layi ɗaya sai ya juyo ya ƙare wa fuskokinmu kallo, wanda ya yamutsa fuska shi zai tsare da tambaya. Sai na samo dabara. Yana juyowa zan gyaɗa kai a hankali, in ɗan lumshe ido, wani lokaci har in ce "Ehen!" ƙasa-ƙasa. Zango guda ina wannan sana'a, ban gane komai ba, shi kuma bai taɓa tambayata komai ba.

Ranar da makaranta ke gayyatar iyaye su zauna a aji su ga karatu, Baba ya zo da babbar riga. Bai zo shi kaɗai ba, ya ɗauko amininsa Baffa Buba tun daga Bolari. Suka zauna a baya. Ni kuwa ganinsu ya sa na ƙara wa gyaɗa kan ƙarfi.

Malam Yila ya rubuta tambaya, ya dubi Baba ya ce, "Alhaji, ɗanka kullum shi ke fara ganewa. Ban ma cika wahalar da shi ba. Yau dai bari ka gani da idonka." Ya miƙo mini alli.

Na je gaban allo, na rubuta "Solution" da kyakkyawan rubutu, na ja layi a ƙasa. Na ƙara jan wani layin. Daga nan ilimina ya ƙare. Don kada a gan ni tsaye haka kawai, sai na ɗauki dasta wai in gyara wurin aiki, na yi ta gogewa, har na goge tambayar kanta.

Baffa Buba, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya ɗauka an gama. Ya buga tafi ya ce, "Masha Allah! Har ya cinye ta?" Dariyar da ta ɓarke har ajin da ke kusa an ji ta. Na so ƙasa ta tsage in shige.

A mota Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai da muka kai Tudun Wada ya ce, "Rubutunka dai yana da kyau." A ƙofar gida ya kira ni da sunana na yanka, ba Injiniya ba, ya ce in buɗe get. Wannan ya fi dariyar ciwo.

Washegari na ɗaga hannu tun a layin farko da Malam Yila ya rubuta, na ce, "Malam, ban gane ba." Ya ce, "Daga ina?" Na ce daga ranar da muka fara. Abin da na koya ke nan: "ban gane ba" dole ka faɗe ta wata rana, gara ka faɗa tun mahaifinka bai sa babbar riga ba.