Yadda Ake Cin Kwas ɗin Jarin Inshora Ba Tare da An Taɓa Biro Ba

Ni ne Uba Mai-Inshora na Jushi, mai tebur a bakin tashar Sabon Garin Zariya tun kafin a haifi rabin direbobin da ke lodi a can. Ban taɓa zama a aji ba, ko na yaƙi da jahilci. Aikina in kawo direba da daɗin baki, rubutu kuwa na akawu ne. Amma leƙa ɗakina ka ga abin da ke rataye a bango: satifiket mai tambarin zinare, na kwas ɗin da aka yi mana a Samaru a 2006 kan ƙarfin kamfanin inshora da ajiye jari daidai haɗari. Masu digiri sun yi gumi a kansa, ni ko hulata ba ta karkace ba. In ka bi matakan nan, na lamunce maka za ka fito da naka, bironka cike da tawada yadda ka sayo shi.

Mataki na 1: Ka san wanda ke son teburinka

Ba a tura tsoho makaranta don ana ƙaunarsa. Mu a kamfaninmu mai suna Tudun Tsira, sabon manaja aka kawo, wai shi Felix, yaro mai ɗaura taye a wuya ko a watan zafi. Ya tara mu ya ce hukuma ta umarci kamfanoni su ƙara jari, don haka kowane dillali sai ya yi kwas, a ƙarshe a yi jarrabawa a rubuce. Wanda bai samu satifiket ba ya kwashe kayansa. Da ya zo kan "a rubuce" sai ya dube ni, ya dubi Keziya, wata dattijuwa mai sayar da inshora ga malaman makarantu da ma'aikatan coci. Kada ka yi fushi a irin wannan wuri. Ka ce, "Madalla, ranka ya daɗe, da ma ƙishin ilimi nake ji."

Mataki na 2: Shiga da mazauni

Ka sa babbar riga mai aiki, ka hau bas daga Kwangila, ba acaɓa ba, don kada iska ta lalata maka girma. Ka riƙe tabarau mai karyayyen hannu. Duk sanda aka miƙo takarda, ka ɗaga shi sama ka yi tsaki, na kusa da kai zai karanta maka.

Kada ka zauna a gaba, nan tambaya ke faɗowa. Kada ka zauna a baya, nan malami ke farautar masu barci. Ka nemi layi na biyu, bayan mai ƙiba.

Mataki na 3: Gyaɗa kai

Gyaɗa kai ilimi ne mai zaman kansa. Malaminmu, Mista Ejiofor, mai ƙaton tumbi, daga Legas aka turo shi da majigi da sanda. In ya nuna layi ya hau sama, ka gyaɗa a hankali. In layin ya gangaro, ka riƙe haɓa ka ce "Kai, kai, kai," kamar an yi maka rasuwa. In ya cika allo da lissafi, ka rufe ido ɗaya. Za a ce kana bin sa a zuci ne.

Hikima kyauta: mai gyaɗa kai da sauri shi ake cewa ya taso ya yi bayani.

Mataki na 4: Ka ɗauki karatun da kunne

Lokacin shayi kada ka tsaya wajen cin-cin kawai. Ka tare ɗaya daga cikin masu digirin ka ce, "Ɗana, faɗa mini da Hausa in ji ko ka gane." Zai zazzage maka komai don tsoron kunya.

Abin da suka kwashe mako suna faɗa ga shi nan. Kamfanin inshora kamar babbar mota ce. In ta ɗauko auduga, taya ko wace iri ta kai ta gida. In ta ɗauko siminti, sai taya mai ƙarfi da safaya biyu. Jari shi ne tayar, haɗari shi ne lodin, hukuma kuwa ita ce ɗan sandan da ke leƙa ƙarƙashin mota. Sai ka haddace sunayen lodin: kasuwar hannun jari ta faɗi, wanda aka ba amana ya gudu, ma'aikaci ya yi ɓarna, gobara ta tashi masu neman diyya su zo rana ɗaya, ko dukiya na nan amma duk a gini take, ba abin taɓawa. Har akwai inshorar da kamfanin inshora ke yi wa kansa. Ka ji tsoro ya kai tsoro.

Mataki na 5: Ka nemi abokin tafiya daga ɗaya ɓangaren

Ka san al'adarmu a Zariya. Ba a buɗe taro sai da addu'a biyu, ta Musulmi da ta Kirista, kuma mafi tsufa a kowane ɓangare ake tayarwa. Wannan shi ne jarinka, ka adana shi. Daga Litinin zuwa Alhamis ka yi addu'a gajera kamar atishawa, har Felix ya riƙa yabonka.

Ranar Alhamis na tare Keziya a bakin ƙofa.

"Keziya, gobe fa a rubuce ne."

"Na sani, Malam Uba. Ni Littafi Mai Tsarki na Hausa nake karantawa, Turancin nan nasu kamar tururuwa a tire."

"Motar Legas ta malaminmu ƙarfe nawa take tashi?"

"Bayan la'asar. Me ka ƙulla, tsohon banza?"

"Ba abin da na ƙulla. Tambaya nake, waƙoƙinku na coci akwai mai tsawo?"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara ɗankwali. "Akwai wadda ko a jana'izar fasto ba mu taɓa kai ƙarshenta ba."

Mataki na 6: Ka ɗaga hannu, kada ka sauke

Jumma'a, bayan an sauko daga masallaci, aka jera takardun jarrabawa a kife. Felix ya ce, "Baba Uba, buɗe mana, irin taka ta kullum."

Ka fara da shugabanni, daga na ƙasa har mai unguwa. Ka bi iyaye da kakanni. Ka shiga direbobin Funtuwa, da na Kano, da na Jos, kowace hanya da ramukanta. In ka ji "amin" ta fara sanyi, sai ka fito da manyan kaya. Ni cewa na yi, "Ya Allah, ka tsare Tudun Tsira daga faɗuwar kasuwa. Ka tsare shi daga wanda aka ba amana ya gudu, da ma'aikaci mai dogon hannu. Kada ka haɗa mana masu diyya rana ɗaya. Kada ka bar mu da gini ba abin taɓawa. Ka sa jarinmu ya fi lodinmu nauyi, har hukuma ta leƙa ta wuce."

Felix na ta tari yana duban agogo. Bar shi ya yi. Ba a haifi manajan da zai katse addu'a a gaban jama'a ba.

Ina shafawa Keziya ta miƙe ta ce, "'Yan'uwa, mu ɗan raira kafin mu roƙa." Har ni na taya da amshi.

Mataki na 7: Kada ka ɗauka malami ba ya jin Hausa

Keziya na cewa amin, Mista Ejiofor ya tashi yana naɗe wayar majigi. Sai na ji Hausa tas, irin ta cikin kasuwa.

"Baba Uba, ka manta haɗari guda."

Na ce, "Wanne, ranka ya daɗe?"

"Haɗarin malami ya rasa mota. A Unguwar Gabas ta nan Sabon Gari aka yanke mini cibiya, Baba. Duk abin da kake faɗa a kan tumbina tun Litinin ina ji."

A nan ka tsaya da ƙafarka. Na ce, "Ai na sani, ɗana. Don ka ji nake yi, ka rage tuwon dare."

Ya yi dariya har da riƙe tebur. Felix ya taso da Turanci, sai malam ya ce lokacin rubutu ya ƙare, tambaya ɗaya-ɗaya zai yi da baki. Masu digiri suka miƙe suna in-ina. Keziya ta maimaita masa zancen mota da taya, ta ƙara da birki. Da aka zo kaina, malam ya ɗaga hannu. "Wanda ya jera haɗurran nan a gaban Allah ba gargada, ba sai ya jera mini ba." Ya sa hannu a satifiket, ya ruga neman acaɓa.

Mataki na 8: Ka sa a gilashi, ka jira

Shekara na zagayowa wa'adin hukuma ya cika. Tudun Tsira, wanda ya tura mu koyon yadda kamfani ba ya mutuwa, aka leƙa ƙarƙashinsa aka ga tayarsa suɗaɗɗiya ce. Wani babban kamfani ya haɗiye shi. Sababbin masu gida suka ce mai satifiket ɗin kwas kaɗai za su riƙe. Na sauko da nawa, Keziya ta fito da nata daga cikin Littafinta. Felix kuwa shi ya shirya kwas ɗin, ya sayo cin-cin, ya raba takardu, amma bai zauna ya yi ba.

Makon jiya ya zo teburina ba taye, ya ce an ba shi dama ta ƙarshe, kwas a Kaduna, yana neman shawara. Saboda shi na zaunar da akawu ya rubuta wannan.

Gargaɗi

In ka bi matakan nan aka kama ka, ban san ka ba, Keziya ma haka. In ka ɗaga hannu ka tarar malamin a garin zai kwana, tsakaninka da Ubangijinka. In kuma akwai wanda ya girme ka a ajin, kamar yadda Felix zai tarar a Kaduna, to ka sayi biro mai kyau. Shawarar nan ba ta da inshora.